Numfashin Fijon Nomau

Da hantsi Fijon Nomau ta shigo garejinmu na Jega,
buhun albasar Aliero goma sha takwas a gadon bayanta,
tana haki kamar wadda ta hau tudu da tulu.
Nomau ya ce, "Na sake fulogi, na wanke kafireta,
na ɗura mata mai har aljihuna ya rame,
amma da na taka totur sai gardama."

Maigidana Arzika bai taɓa sifana ba.
Kunne kawai ya kara, ya lumshe ido.
Shekara tara fuka na zaune a ƙirjinsa,
ya san kukan abin da iska ba ta isa.
"Wagga mota ba yunwa taka ji ba," in ji shi,
"shaƙewa ta."

Na kwance notuna, ɗaya ya ci mini fatar yatsa.
Manifol ya fito a hannuna da ɗuminsa,
maƙogwaro guda mai rassa,
cikinsa baƙi kamar gindin tukunyar mai ƙosai.
Na wanke da kananzir, na zura ɗan yatsa,
sai na ji su:
ƙurajen da zubi ya bari tun daga masana'anta,
da wani ɗan tudu a bakin rami
inda iska ke tuntuɓe kullum, ba mai ce mata sannu.

Arzika ya shafa shuni a bakin ƙarfen,
ya ɗora gasket, ya zagaya da tsinin ƙusa.
"Iyakar gonarka ke nan. Kada ka ci ta maƙwabci."

Na kama magagari.
Na naɗe samfefa a jikin sanda.
Garin sanholo na zuba a kan takalmina,
azahar ta wuce, shayina ya huce,
rediyon mai faci na ta faɗin farashin shinkafa.

Ƙuruciya dai ba ta da birki.
Na so in buɗe ramin ya yi faɗin Gulbin Ka,
na so in goge shi har in ga haƙorana a ciki.
Ya riƙe mini hannu, ya jira tari ya sake shi.
"Ka taɓa ban ruwa a fadama?
Faɗaɗa lambatu fiye da kima, ruwa ya kwanta ya yi barci.
Gyara masa kwana, cire masa dutse, shi zai yi gudunsa.
Kuma bar masa ɗan kaushi,
in ya yi santsin madubi, fetur zai kwanta a bango
ya bar iska ta tafi ita kaɗai."

Ya ɗaura zare a tsinke, ya sa a bakin kowane reshe,
ya ce in hura ta sama.
Uku suka miƙe, ɗaya na rawa.
Na koma wa na huɗun har la'asar sakaliya.

Muka ɗaure, sabon gasket, noti bayan noti,
daga tsakiya zuwa gefe.
Nomau ya murɗa makulli.
Ta yi tari sau biyu, don kada a ce ta yarda da wuri,
sannan ta ja iska, doguwa,
irin wadda mai nutso ke ja in ya ɓullo.

Ya nufi hanyar Koko da kayansa duka.
Bayan isha ya bugo waya yana dariya:
hawan da yake yi da giya biyu, yau da uku ya haye.

Na je in gaya wa Arzika.
Na same shi zaune a kan tsohuwar taya,
yana girgiza ɗan kwalbar shaƙarsa kusa da kunne,
ko da saura.
Ƙirjinsa na fito, siriri, kamar iska a ƙofar langa-langa.

Magagarin na aljihuna.
Na tsaya ina saurare,
har na gane a wane reshe ne tudun yake.